Ƙarar Fanka a Ɗakin Asger

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe takwas na safe

Mijina Asger ne ya ce in nemi littafi in riƙa rubuta lambobi, tun da yatsunsa sun daina riƙe biro. To ga littafin. Daga shagon ɗinkina na ɗauko shi, rabinsa awon ƙugun mutane ne da tsawon wanduna, sai na juya shi na fara ta baya.

Lambar jiya: zafin katin hoto na cikin kwamfutarsa ya kai digiri tamanin da huɗu. Fankar katin kuwa kamar an tayar da injin kwalekwale a tsakar ɗaki.

Bari in rubuta yadda abin yake, ko ni ma na fahimta. Akwai jimla dubu ɗaya da ɗari biyar da Asger zai karanta a gaban makirfo kafin ciwon da ke cin jikinsa ya tafi da muryarsa. In ya gama, kwamfutar da ya haɗa da hannunsa za ta koyi muryarsa, duk abin da ya rubuta mata ta faɗa da ita. Katin hoton ke yin wannan aikin, shi ke sauraron kowace jimla ya karɓa ko ya ƙi. Da ya fara aiki sai ya ɗau zafi, da ya ɗau zafi sai fankarsa ta fara ihu, ihun kuma ya shiga makirfo. Cikin jimla sittin da ya karanta jiya, tara aka karɓa.

Na ce masa, "Ba ka ji malamar magana ta asibiti ta ce akwai kamfanin da ke yin wannan ba? A waya ma ana yi."

Ya ce, "Shekara ashirin da shida ina gyara na'urorin jiragen ruwan mutane a tashar Esbjerg, sai muryata ce zan kai wa wani baƙo ajiya? Bodil, je ki ɗora mana gahawa."

Na ɗora. Na zuba masa a kofin nan mai marfi da ba ya so.

Talata, 4 ga Fabrairu, ƙarfe biyu na rana

Na ja akwatin kwamfutar zuwa baranda na rufe ƙofa, muka sa doguwar waya. Wayar ta kawo tata ƙarar, wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na mayar da akwatin inda yake. Bayana yana ciwo.

Na lura bai ji haushi ba. Har murmushi ya yi.

Laraba, 5 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Yini guda muna gaban allo. Ya ce maganin abin shi ne a cire abin sanyaya katin da ya zo da shi daga masana'anta, a ɗaura masa wani. Ya tace su har saura uku, ya sa na rubuta.

Na ɗaya, mai fanka uku ƙanana. Akwai shi a shago cikin gari, gobe ma sai ya iso. Amma dogo ne.

Na biyu, na ruwa. Famfo ne ƙarami yake zaga ruwa ta tiyo biyu zuwa lagireto, kamar na mota. Masu gwaji sun ce ya fi kowanne sanyi. Asger ya ce ruwa da lantarki ba sa kwana ɗaki ɗaya.

Na uku, wani baƙin ƙarfe mai nauyi mai bututun tagulla shida, a ɗaura masa manyan fanka biyu masu juyawa a hankali. Sai an yi odarsa daga Jamus. Da hotonsa ya fito, Asger ya tsaya yana kallonsa kamar yadda ya kalle ni a wurin rawa a shekarar da muka haɗu. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Ke ba ki da bututun tagulla shida."

Na ce a sayi na ɗaya a gama. Ya ce ba a yanke hukunci kafin a gwada.

Da safe maganarsa garau take. Daga sha ɗaya sai harshen ya fara nauyi. Yanzu da nake rubutun nan sai na kalli bakinsa nake ganewa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Iska daga yamma. Ban buɗe shago ba. Na manna takarda a ƙofa.

Asabar, 8 ga Fabrairu, ƙarfe huɗu na yamma

Yau na buɗe cikin katin hoto da hannuna, ni da ko batirin agogo shi ke canja mini.

Ya zauna a kujerarsa, hannuwansa a kan cinya, yana ba ni umarni. Sukuru goma sha huɗu, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na jera su a murfin gwangwanin allurai. Da na zo ɗaga tsohuwar fankar sai ta ƙi, ta manne.

"Kar ki ja. Murɗa kaɗan, kamar za ki buɗe kwalbar zuma."

"In na fasa fa?"

"In kin fasa na sake ki."

"Wa zai ɗauke ka, tsoho?"

Ta buɗe. A ƙarƙashi akwai ɗan madubi kamar kan sarkin wasiƙa, wai shi ne dukan katin, sauran duk masu yi masa hidima ne. Na goge tsohon man da ya bushe a kai, na ɗiga sabo. Ya ce ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. Na ɗiga. Ya ce wannan ai dankali ne. Na goge na sake.

Ina ɗaure sukurun ƙarshe na ga yatsunsa na dama suna motsi a kan cinyarsa, suna murɗawa tare da ni. Na mayar da idona kan aikina.

Mai fanka uku da muka sayo ya fi akwatin tsawo da faɗin yatsa ɗaya. Sai da muka cire wani ƙarfe muka bar gefen akwatin a buɗe. Digiri sittin da ɗaya. Ihun ya tafi, saura wani siririn fito. Ya karanta jimla sittin, aka karɓi arba'in da ɗaya.

Na ce, "Shi ke nan ai! In ka yi haka kullum, kafin ƙarshen Maris ka gama."

Ya ce, "Kina jin fiton nan? Zai zauna cikin muryata har abada. Ba a gama gwaji ba."

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Preben ya zo. Yayan Asger ne, ya ba shi shekara biyar, direban babbar mota, tun Kirsimeti bai tako gidan nan ba sai dai waya. Ya shigo da kwali a hammata, ruwan sama na ɗiga daga hularsa.

"Ina ƙaramin? Ƙarami! Na ji kana wasa da fanka kamar tsohuwa a coci. Ga abin maza na kawo maka."

Na ruwan ne ya sayo. Wai 'yarmu Alberte ce ta faɗa masa a waya.

Duk maganar da zai yi wa Asger sai ya ɗaga murya. Na ce, "Preben, kunnensa lafiya lau." Ya ce ya sani. Ya ci gaba da ɗagawa. In Asger ya fara magana ya tsaya neman numfashi, sai Preben ya ƙarasa masa, kuma sau biyu cikin uku ba abin da zai faɗa ke nan ba.

Ni na cire mai fanka uku, ni na ɗaura na ruwa, domin yatsun Preben kamar tsiran alade suke. Shi ya riƙe lagireto yana ba ni shawarar da ban nema ba. Digiri arba'in da tara. Preben ya buga tebur.

"Arba'in da tara! Ka gani? Tun muna yara ba ka taɓa yarda na fi ka ba."

Asger ya ɗaga yatsa, muka yi shiru. Sai ga shi. Famfon yana kuka siriri kamar sauro a kunne, ba ya hawa ba ya sauka. A makirfo ya fi fiton jiya muni. Jimla ashirin, an karɓi shida.

Preben ya ce, "Wannan ɗan kukan? Haba! Wa zai ji?"

Asger ya ce, "Ni." Ya ɗauki lokaci kafin sauran su fito, kuma wannan karon Preben bai ƙarasa masa ba. "Ni zan riƙa jinsa. Duk lokacin da na ce a miƙo mini gishiri."

Preben ya tashi ya shiga kicin. Da na bi shi na tarar yana wanke kwanuka. Shekara talatin da sanina da shi, ban taɓa ganin hannunsa cikin ruwan sabulu ba. Faranti ɗaya yake ta wankewa. Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Shi ne fa ƙarami, Bodil. Ba haka aka jera mu ba."

Na karɓi farantin na ba shi tawul.

Talata, 11 ga Fabrairu, ƙarfe bakwai na yamma

Mun je asibiti. Mun dawo. Sun ba mu wata takarda mai hotuna kan yadda ciwon zai ci gaba, na sa ta ƙarƙashin kwandon burodi.

A mota, da muka zo kwanar gida, ya juyo. Ya ce, "Yi odar baƙin ƙarfen."

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe goma na safe

Na yi oda. Sun ce kwana uku zuwa biyar.

Na ce kafin nan bari in mayar da mai fanka uku ya ci gaba da karatu. Ya ce a'a, yawan cirewa da mayarwa yana lalata kati. Mu jira.

Jimlolin da aka karɓa zuwa yau: hamsin da shida.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, ƙarfe uku na rana

Bai iso ba. Hamsin da shida.

Yau na niƙa masa dankali da kifi. Ya ce ya fi daɗi a haka. Ƙarya yake.

Litinin, 17 ga Fabrairu, ƙarfe tara na safe

Wasiƙa daga masu sayarwa: kaya sun ƙare, sai mako mai zuwa, suna ba da haƙuri. Na karanta masa. Ya ce, "To, ba laifi." Ya buɗe wani sabon bidiyon gwaji, wani mutum yana auna ƙarar fanka da na'ura. Ya kalle shi sau uku.

Yanzu daga goma harshen ke fara nauyi. Makon jiya sha ɗaya ne.

Talata, 18 ga Fabrairu, ƙarfe ɗaya na rana

Na yi masa ihu. Zan rubuta yadda aka yi, ba zan gyara kaina ba.

Ƙarfe tara ya tashi da murya mai kyau, irin wadda na kwana biyu ban ji ba. Ya kira ni daga ɗaki, na ji kowane harafi. Na zo da gudu. Ashe so yake in duba masa ko fanka mai faɗin santimita sha huɗu ta fi mai sha biyu shiru.

Na ce, "Asger, karanta. Yanzu. Ko da na ruwan ne."

Ya ce a jira baƙin ƙarfen.

Na ce, "A jira? Me kake da shi da za ka jira da shi? Kwana tara ke nan kana zubar da safiyarka a kan hotunan ƙarfe! Ni na rufe shagona, na koyi sukudireba, na ƙona yatsa, kai kana nan kana zaɓe kamar mai sayen doki. Ba fito ba ne matsalarka, ba sauro ba ne. Ba ka so ka yi ne kawai!"

Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba.

Ya bar ni na gama. Ya kalli taga. Da ya yi magana, a hankali ya yi, yana ajiye kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"In ina zaɓen fanka, ni mai gyara ne. Na san aikin. In na zauna gaban makirfon nan, ni mutum ne mai kwashe kayansa daga gida."

Na durƙusa a gaban kujerar na sa kaina a gwiwarsa. Ya ɗora hannunsa a kaina. Sai da ya ɗago shi da ɗaya hannun kafin ya iya.

Can ya ce, "Ɗauko gwangwanin sukurunki."

Na cire na ruwa na mayar da mai fanka uku. Minti arba'in, ban tambaye shi komai ba. Amma kafin in gama goma ta wuce.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Tamanin ya karanta, an karɓi hamsin da biyu. Ɗari da takwas.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ɗari da sittin da uku. Ya gaji har gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Asabar, 22 ga Fabrairu, ƙarfe biyar na yamma

Alberte ta zo daga makarantarta a Aarhus a jirgin ƙasa na safe. Ta rame. Ta ce karatu ne. Ta rungume ubanta ta baya, ta kan kujera, don kar ya ga fuskarta.

Ta zauna a ƙasa tana sauraron karatun. Jimlolin nan ba su da kai ba su da gindi, an haɗa su ne don kowane sauti ya fito. Asger yana karanta su da fuskar mai karanta labarai. "Kifi bakwai sun sayi tikitin jirgin ƙasa." "Kawuna ya ɓoye kujera a cikin miya." Alberte ta toshe bakinta da hannun rigarta. Da ya zo kan "Shugaban agwagi ya ƙi sa hannu," sai ta fashe, ni ma na fashe, shi ma ya kama dariya.

Dariyar ce ta sarƙe shi.

Na san abin yi, an koya mini. Na yi. Bai kai minti ɗaya ba. Alberte tana tsaye jikin bango, hannuwanta a buɗe kamar za a miƙo mata wani abu.

Da ya dawo daidai ya dube ta ya ce, "Agwagin nan za su kashe ni." Ba ta yi dariya ba.

Daga baya a kicin ta ce, "Mama, tun yaushe?" Na ce tun yaushe me. Ta ce, "Kar ki yi mini haka." Ta ɗaga kwandon burodi ta ɗauko takardar. Ashe ta gani tun da safe. Muka karanta tare a tsaye. Ta ce za ta ajiye karatu. Na ce in ta ajiye ubanta ba zai yafe mana ba mu biyun. Ta ce ba ta tambaye ni ba.

Ɗari biyu da saba'in.

Talata, 25 ga Fabrairu, ƙarfe sha biyu na rana

Ɗari huɗu da biyar. Alberte ta koma jiya, za ta dawo Asabar. A kan haka muka tsaya.

Kayan sun baro Jamus.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, ƙarfe shida na yamma

Ya iso. Mai kawo kaya ya ce, "Bulo kuka saya?"

Na kira Preben don ya ce in kira shi. Ya zo da kek ɗin kirfa, ya manta Asger ba ya iya ci, ya tuna a bakin ƙofa, ya tsaya riƙe da shi kamar ya sato. Asger ya ce ya ajiye kusa da shi ya ji ƙamshi.

Wannan ya fi sauran wuya. Ban da babban ƙarfen, akwai ƙananan ƙarafa goma sha tara da za a manna ɗaya-ɗaya a kan ƙananan sassan katin. Na ɗauko hantsakin da nake zare zare da shi. Awa biyu da rabi. Asger bai ba ni umarni ba sai sau biyu, na biyun ma na riga na yi abin kafin ya gama faɗa. Da na ɗiga man ya leƙo ya ce, "Wake."

Da muka sa katin a akwati sai ya sunkuya don nauyi. Preben ya ce zai karye. Na shiga ɗakin ɗinki na ɗauko ƙwarƙwaron zare na katako, na tokare shi ta ƙasa. Ya zauna daram, kamar don shi aka yi. Gefen akwatin ma ya rufu.

Na danna maɓalli. Ba abin da ya faru.

Na ce na kashe shi, na kashe katin, na kashe jimla ɗari huɗu da tamanin. Preben ya fara cewa ai dama ya faɗa. Sai Asger ya nuna allo da haɓarsa. Allon a kunne yake. Na durƙusa na leƙa ta ramukan akwatin, ga fankokin nan biyu suna juyawa a hankali, ba sauti ko kaɗan.

Muka sa shi aiki mai nauyi rabin awa. Digiri hamsin da biyar. Shiru.

Preben ya cire hularsa ya ce, "To, ƙarami. Ka ci." A hankali ya faɗa, yadda mutane ke magana.

Fuskar Asger a lokacin, ban san yadda zan rubuta ta ba. Na ji daɗi da na bar shi ya samu wannan.

Bayan Preben ya tafi na zauna kusa da shi a ɗakin, kwamfutar a kunne. Ban taɓa jin ɗakin nan tsit haka ba. Ina jin agogon kicin. Ina jin motar maƙwabta. Sai na ji wani abu kuma, gajere-gajere, da ɗan tsayawa a tsakani kamar mai hawan bene. Na duba akwatin. Ba daga can ba ne.

Ban san tun yaushe numfashinsa yake haka ba.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, ƙarfe goma da rabi na safe

Ƙarfe bakwai muka fara don mu riga nauyin harshe. Ɗaki shiru, makirfo ba ya ɗaukar komai sai shi.

Sittin ya karanta. An karɓi sha huɗu.

Na duba waya, na duba makirfo, na ce wataƙila wani abu ya kwance. Na ɗauko sukudireba. Ya ce, "Bodil." Na ce bari in duba fankar dai. Ya ce, "Bodil. Ba fanka ba ce."

Na mayar da sukudireban cikin aljihun tebur.

Asabar, 1 ga Maris, ƙarfe tara na safe

An karɓi takwas. Wata jimla sau goma sha ɗaya ya maimaita ta. Ɗari biyar da biyu.

Lahadi, 2 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Yaran unguwa sun zo ƙofa da kayan shigar biki suna waƙa, kamar yadda suke yi kowace shekara a wannan lokacin. Alberte ta ba su alewa ta rufe ƙofa da sauri.

Bai karanta ba yau. Ya ce a tsaya nan, a ba kwamfutar abin da ke akwai ta yi abin da za ta iya. Na ce ko kashi ɗaya cikin uku ne fa kawai. Ya ce ya iya lissafi.

Ban ce masa da ka fara tun ranar takwas ga Fabrairu ba. Bai ce mini da kin matsa mini tun da wuri ba. Muna zaune mu biyu, kowa ya san abin da ɗayan bai faɗa ba.

Alberte ce ta danna masa. Kwamfutar za ta yi kwana biyu tana aiki ba tsayawa.

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Digiri hamsin da bakwai. Na shiga na duba sau tara. Ba abin dubawa.

An kawo gadon nan mai tashi da sauka. Mun sa shi a falo.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe bakwai na yamma

Mun ji ta.

Preben ya zo, Alberte tana nan. Na tura kujerar Asger gaban allo. Da ɗan yatsa ɗaya yake rubutu yanzu, ya ɗauki kusan minti uku, ya hana mu leƙawa. Ya danna.

Muryar ta ce, "Preben, ɗauke famfonka daga kan teburina."

Preben ya yi wata irin ƙara, ba dariya ba, ba kuka ba, ya riƙe bayan kujera.

Shi ne. Babu fito, ban san inda ya tafi ba. Amma ba Asger na da ba ne, wanda in ya kira ni daga bakin tashar jiragen ruwa har masu sayar da kifi ke juyowa. Asger na ƙarshen Fabrairu ne, mai ɗan jan kalma, mai gajiya. Abin da muka ba ta ke nan, shi ta koya.

Alberte ta ce, "Baba, sake." Ya sake. Ta ce ya ce wani abu dabam. Ya tambaye ta da ido me. Ta ce ko mene ne. Ya rubuta mata cewa gashinta yana bukatar almakashi. Ta ce ta gode, ta fita baranda ba riga mai kauri, ta daɗe.

Ni bai rubuta mini komai ba. Na ce ni fa? Ya dube ni, ya yi magana da bakinsa. Preben bai gane ba, ya tambaye ni me ya ce. Na ce ba naka ba ne.

Cewa ya yi, "Ke ba ki bukata tukuna."

Juma'a, 7 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Yana barci a falo, na zo ɗakin nan in buɗe taga. Kwamfutar a kunne. Na tsaya. Na zauna a inda yake zama.

Na daɗe ina kallon wurin rubutun. Akwai abubuwa da yawa da zan iya sa shi ya faɗa, har waɗanda bai taɓa faɗa ba a shekara talatin. Na rubuta ɗaya na goge. Na rubuta wani na goge. A ƙarshe na rubuta, "Na dawo, akwai abinci?" Na rage sauti sosai, na danna.

Ya faɗa. Na sake dannawa. Na danna sau huɗu ko biyar, hannuna a bakina.

Sai na ji motsi daga falo. Ashe ya farka, kuma a gidan nan yanzu ba abin da ba a ji. Ya yi magana. Ba kalma ɗaya a ciki da wani zai iya kamawa, sauti ne kawai mai hawa da sauka, amma na san me ya ce, kuma na san dariya yake mini.

Na ɗaga murya na ce, "Akwai. Kunun alkama ne, kuma za ka shanye shi."

Na tashi. Yana jira.